Hular Hedimasta Salawu

Ko mi tsufa za shi ɗauke mini, ba za shi ɗauke ranar da wani Bagobiri ya tuɓe ma hedimastanmu hula gaban ɗalibai ba. Ku malaman yanzu kuna kukan iyayen yara sun dame ku. Wace damuwa kunka gani? Ku gyara zama.

Zamanin Turawa ne, gab da a ba mu mulkin kai. Ina malamin kwana a wata makaranta da wani attajiri ya gina da dukiyarsa a Isa. Ba ta En'e ba ce, ba ta gwamnati ba. Shi falke ne mai kai kaya ƙasar Faransa, wadda yanzu ake ce ma Nijar, ya lura cewa yaron da ya iya Turanci da lissafi ba a cutarsa a bakin iyaka. Da ya buɗe makarantar, abokan fataucinsa na ƙetare sunka riƙa aiko da ɗiyansu. Yaran cikin gari suna zuwa da safe su koma gida, su ne 'yan je-ka-ka-dawo. Na Sabon Birni da Kurawa da na ƙasar Faransa kuwa kwana suke yi, kuma ni ne uwarsu ni ne ubansu: tada su sallar asuba, duba wanka, rabon tuwo, da raba faɗa tsakanin mai cewa makaranta da mai cewa lakwal.

Baturen ilimi na Sakkwato ya yarda a buɗe ta bisa sharaɗi guda: dole a samu hedimasta mai satifiket ɗin koyarwa. Ranar da babu shi, ranar za a sa mata kwaɗo. Masu irin wannan takarda a ƙasarmu duk gwamnati ta kwashe, da ƙyar da jiɓin goshi anka samo Malam Salawu, Bayarabe daga Ogbomosho. Mutum ne mai sallah, mai tsabta, mai ƙa'idar tsiya. Yana da wata hular kwano irin ta Di'o, ko alwala za shi yi sai ya shimfiɗa mata hankici.

Mai makaranta ya gargaɗe shi kan kunama, ya gargaɗe shi kan ruwan rijiya, amma bai gaya masa Gobirawa da Yarabawa taubasai ne ba. Ga wanda bai sani ba, taubasantaka wasa ne na gado. Bagobiri ya ga Bayarabe ya kira shi bawansa, ya ƙwace masa takalmi, shi ko ya rama, ba mai fushi. Mu da ke ƙarƙashin Hedimasta mun danne bakinmu saboda tuwonmu, shi kuma ba ya fita gari, don haka bai taɓa jin labari ba. Mai makaranta ya ɗaure kayansa ya tafi fatauci, ya bar ni da jangwam.

Ranar ziyarar iyaye ta zo. Yara sun jeru a fili sun sha wanki, iyaye suna inuwar tsamiya, Hedimasta yana zagaya layi yana duba farce. Sai ga Alhaji Labbo daga Tsibirin Gobir, can ƙasar Faransa, uban yara biyu cikin 'yan kwana. Ya durƙusar da raƙuminsa, ya ratsa layin ɗalibai kai tsaye, ya sa hannu ya cire hular Hedimasta, ya kifa ta bisa rawaninsa.

"Kai bawana," in ji shi, "yaushe anka sawo ka ban sani ba? Tsagar nan ta kumatunka ai kakana ya yi ma kakanka ita don kada ya ɓace a kasuwa."

Iyaye sunka tuntsure da dariya, yara sunka taya su. Hedimasta yana jin Hausa daidai gwargwado, abin da ya ji ya ishe shi. Ya juya ya nufi gidansa. Ko da na bi shi, na iske ya sauko da akwati yana zuba littattafai. Ranar kasuwa ce, motar Ƙaura Namoda tana tashi bayan azahar, daga can kuma jirgin ƙasa ne sai Kudu. In ya hau motar nan kuwa, makaranta ta mutu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne. Al'ada ce tsakanin Gobirawa da Yarabawa."

"Wasa? Malam Ummaru, kakana ba bawan kowa ba ne. Gaban ɗalibaina! Gobe da wane ido za ni ce ma yaro ya yi shiru? Sai ya ba ni haƙuri gaban yaran nan, in ba haka ba na tafi."

Na ruga gindin tsamiya. Alhaji yana zaune da hula bisa rawani yana dama fura, abin duniya bai dame shi ba. Na durƙusa na ce, "Alhaji, don girman Allah, a ba shi haƙuri."

"Ni in ba Bayarabe haƙuri? Malam, so kake a yi mini dariya daga nan har Tsibiri? Bare aka ba haƙuri. In na ba shi, na fidda shi daga dangi ke nan."

"To a ba ni hular in kai masa."

"Ya taho ya fanshi abinai da bakinai."

Na koma, na dawo, na sake komawa. Wannan ya ce mutunci, wancan ya ce gado. Wallahi raina ya ɓaci har na rasa wanda za ni shaƙe cikinsu. Ni an ɗauke ni aikin kwana da yara, ga ni ina zarya cikin rana tsakanin dattawa biyu masu taurin kai. Yara sun watse daga layi sun hau katanga suna kallo, mai dafa abinci ta bar miya tana ƙonewa ta zo ganin ƙwam. Da anka kira azahar na yi salla, amma ban san abin da na karanta ba.

Ana sallamewa sai ga Hedimasta ya fito, kai ba hula, akwati a hannu. Hanyar ƙofa kuwa dole ta gaban tsamiya. Na roƙi Allah ya kama bakin Alhaji. Ina!

"Jama'a, bawa za shi gudu! Ku tare mini shi!"

Hedimasta ya dire akwati. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya buɗe baki da Hausarsa mai karkata:

"Kai ne bawa! Kai da ubanka da raƙuminka! Dubi fuskarka, kamar inda kaji sunka yi tono! Mutanen da ba su san abinci ba sai fura, safe fura, rana fura, kun sha fura har hankalinku ya tsinke!"

Na runtse ido, don na san zuciyar Gobirawa, na ce yau ba rufe makaranta kaɗai ba, har da Alƙali. Sai na ji wani irin ƙara. Alhaji ne ke dariya, yana buga cinya, har hular ta faɗo cikin ƙwaryar fura.

"Alhamdu lillahi! Ashe yana da baki! Na zaci jabun Bayarabe anka kawo muna!"

Iyaye sunka ɗauka, "Ƙara mashi, Hedimasta! Ƙara mashi!"

"Ba wasa nake yi ba!" in ji Hedimasta.

"Haka nan aka yin shi! Kai, wanga gwani ne!"

Kun ji fa. Ni na yini ina lallashi da tattausan harshe ban samu komi ba, zagi ya zo ya yi aikin cikin ƙiftawar ido.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya ɗauki hular, ya goge furar da bakin rigarsa, ya miƙe. Muryarsa ta sauya.

"Malam, ɗiyana ba su taɓa kwana wani gida ba. Uwarsu ta yi kuka, ta ce ƙasar Ingilishi, hannun baƙo. Na tambaya wane iri ne babban malamin, anka ce Bayarabe. Na ce mata share hawayenki, gida za su. Bayarabe ba ya cin amanar Bagobiri. In kai bare ne, da ban ba ka su ba, balle in taɓa hularka."

Can kasuwa mota ta yi oda. Hedimasta ya daɗe yana kallon yaran nan biyu da ke maƙale a katanga. Ya karɓi hularsa ya sa, da sauran danshin fura. Ya sunkuya ya ɗauki akwati, na ce shi ke nan, tafiya za shi yi. Sai ya miƙa ma Alhaji.

"To, bawa, ɗauki kayan ubangijinka ka mai da ɗaki."

Alhaji Labbo, attajiri guda, ya ɗora akwati bisa rawani ya bi shi a baya, yara na ihu.

Makaranta ta tsira, amma ni na shiga uku, don wani ɗan baƙin ciki ya gaya masa ni ma Bagobiri ne. Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba. Taron malamai, "bawana". Gaban Baturen ilimi, "bawana". Na ajiye takalmi ƙofar masallaci, in fito in iske ya yi gaba da su.

Abin da na koya shi ne, uba ba hannun satifiket yake damƙa ɗansa ba, hannun mutum yake damƙa shi. Don haka in kun ɗauko baƙon malami, kafin ku nuna masa allo ku gaya masa su wa ke da ikon zaginsa a garin.

Shekaru da yawa bayan haka ya yi ritaya, munka raka shi tasha. Mota ta fara tafiya, na matsa in yi masa bankwana, sai ya miƙo hannu ta taga ya fizge hulata, sabuwa dal, ta Sallah. Na bi motar ina zaginsa, hawaye na zuba. Shi ne ganina da shi na ƙarshe, kuma har yau ban yafe hular nan ba.