Waƙar da Na Koya ta Bango

Shekara huɗu muka yi a unguwar Brickfields, can ƙasar waje, bango ɗaya tsakaninmu da wani tsoho Ba'indiye mai koyar da Sanskirit, tsohon harshen littattafansu, da waƙoƙin gargajiyarsu. Bangon kuwa kamar kwali. Kullum da hantsi yara su cika masa falo, ya ja baiti su amsa, ya ja su amsa. Wallahi ya ishe ni. Sau nawa ina yanka albasa ina ce wa maigidana, "Wai wannan bawan Allah ba ya gajiya ne?"

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Yara suka daina zuwa, ya zama shi kaɗai yake ja. Daga baya motar asibiti ta ɗauke shi, bai dawo ba. A watan ne kuma aka bugo mini daga Kano cewa Baba ya rasu. Babu jirgi. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Na ajiye wayar na ci gaba da wanke shinkafa.

Bayan kwanaki 'yar tsohon ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta tsaya nesa, takunkumi a fuska, rungume da littafin ubanta. Ta ce so take ta ci gaba da ajin ta waya don kar ya mutu tare da shi. Kalmomi duk suna rubuce. Amma akwai waƙar da shi ya tsara, da ita yake buɗe darasi, kuma bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba, wai ilimi daga baki yake tafiya zuwa kunne. Ita tun tana yarinya ta gudu daga ajin. Ɗalibansa kuma kowa da yadda ya riƙe ta.

"'Yar'uwa, babu wanda ya kai ki jin waƙar nan," in ji ta.

Na ce, "Ni Musulma ce. Ban san me kalmomin suke cewa ba, ba zan furta su ba."

"To karin kawai."

Wannan kam yana nan. Wanda ya tashi a gidan da ake tilawa, kunnensa ba ya zubar da abu. Na zauna a bakin ƙofata, ita tana tsaye a bakin tata, ta ajiye waya a tsakaninmu tana ɗauka. Na rufe baki na rera ta hanci. Da na kai tsakiya na tsaya, na ɗan jima, sannan na ɗora.

Ta duba littafin. "Me ya sa kika tsaya? Babu tsayawa a nan."

"Haba! Kullum a nan yake tsayawa."

Can ta ce a nan yake kurɓar shayi, don maƙogwaronsa ba ya kai shi ƙarshen baitin. Ta zauna dirshan tana kuka har takunkumin ya jiƙe. Ni kallonta kawai nake yi. Da ta natsu ta ce in sake, kuma kar in cire wurin.

Da na koma ɗaki na bi wayata kaf ina neman muryar Baba. Shi mutum ne mai kira, ba mai tura saƙon murya ba. Guda ɗaya tak na samu, guntu. Ba ma da ni yake magana ba, wani yake tambaya a gefensa: "Kai, ya fara ɗauka ne?"