Kofi na Biyu a Gidan Musyu Aldo

Shigar sanyi ce, ƙarshen Oktoba, shekarar da Nafisata ta tafi karatu Paris ta bar mu ni da babanta a Lyon. Gida ya yi shiru, gari ma haka. Farin hazo mai laima ke tasowa daga kogi ya kwanta a kan hanya, rana ba ta fitowa da kyau, kafin ƙarfe biyar da rabi an kunna fitilu. A wannan shekara aka yi wata ranar Alhamis da har yau ba ta bar zuciyata ba. Ita zan ba ku labari, ku ƙannena da kuka fara wannan aiki namu na kula da tsofaffi a gidajensu.

Ga wanda bai san aikin ba, ma'aikata ce ke tura mu. Kowace unguwa da shugabarta, muna ce mata shef. A kowane gida kuma akwai kaye, wato littafin da duk wanda ya shiga zai rubuta abin da ya yi da abin da ya gani: mu, da mai allura, da kine, wato mai motsa wa tsoho jiki. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne a Damagaram, Faransanci kuma ajin manya na yi da yamma. Don haka ba na tsawaita rubutu, kuma ba na rubuta abin da ban gani ba.

Shef ta tura ni wani gida a Villeurbanne, nan gefen Lyon, hawa na uku. Mai gidan Musyu Aldo, ya haura tamanin da biyar. Ɗan ƙasar Italiya ne daga wajen Torino, ya zo Lyon yana saurayi ya yi aikin gini. Matarsa Rina ta rasu shekara biyu kafin zuwana. Da rani ya faɗi a banɗaki, tun daga nan aka hana shi tashi shi kaɗai. Kine ya yi wata uku yana fama da shi, ko taku biyu ya ƙi yi masa. Ƴarsa guda, Madam Silviya, tana Paris, duk ƙarshen mako ake ɗaukar hoton kaye a aika mata.

Shef ta gaya mini tun ranar farko: «Madam Hajara, magana biyu ce. In ya sake faɗuwa, ko hankalinsa ya fara gushewa, ƴarsa za ta ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi a Paris. Ki sa ido, ki rubuta.»

Shi ma ya gaya mini tasa, yana nuna ƙofa da haɓa: «Ajara, ta nan aka fitar da Rina. Ni ma ta nan, kuma a kwance.» Haka yake kirana, bakinsa ba ya iya farkon sunana.

Ba mutum ne mai wahala ba, sai a abu ɗaya. Ƙarfe huɗu daidai sai an haɗa masa abin sha na garinsu, bicerin. Na fara tambaya ko akwai giya a ciki. Ya yi dariya ya ce babu ko ɗigo, in kwantar da hankalina. Daga kan kujerarsa ya koya mini, yana ɗaga murya ina kicin. A narka baƙin shokola, wato cakulan, cikin madara a wuta kaɗan, da sukari kaɗan, ana juyawa har ya yi kauri kamar kunun gyaɗa. A dafa kafe, wato gahawa, mai ƙarfi a ƴar butar ƙarfe mai hawa biyu, da ta fara gurnani a sauke. A zuba kirim mai sanyi a kwalba a girgiza, ya yi kauri amma kada ya daskare. Sai a ɗumama ƙaramin kofin gilashi da ruwan zafi, shokola a ƙasa, kafe a kansa, kirim a sama. Shi kirim ta bayan cokali ake tsiyaya shi a hankali don kada ya nutse. In ka ɗaga kofin za ka ga hawa uku, kowane a wurinsa.

Ranar farko na kawo da cokali a gefe. Ku kun san mu, abin sha in ba a dama ba ai ba a gama ba. Tsohon nan ya dafe ƙirji.

«Cokali! Ajara, so kike ki kashe ni? Ba a motsawa. Sanyi ya taɓa leɓe, ɗaci ya biyo, zaƙi ya zo a ƙarshe. Mayar da shi.»

Kofi biyu ake haɗawa. Ɗaya a gabansa, ɗaya a wancan gefen teburi, gaban kujerar da ke jikin taga. Kujerar Rina ce. In na ajiye sai in fita in ja ƙofar falo, kada in dawo sai da rabi. Ban ga laifin hakan ba, kowa da yadda yake riƙe nasa mamacin. Nakan koma kicin in yi sallar la'asar a kan ɗan tawul, in yi guga. In na dawo nasa ya ƙare, na biyun yana nan da hawansa uku, ya huce. Zubar da shi ne kawai ke damuna.

Mako biyu muna haka. Sai wata Talata, na idar da salla ina zaune, na ji ƙarar cokali cikin gilashi. A hankali, kamar mai juyawa ba ya sauri. Ƙil, ƙil, ƙil. Sai shiru.

Na ce ko daga gidan maƙwabta ne. Amma da rabi ta yi na shiga, kofin da ke gaban kujerar taga ya zama launi ɗaya, an dama shi tas, kuma ya ragu kamar yatsa biyu. Babu cokali a kan teburi. Musyu Aldo yana wurinsa, bargo a kan gwiwa, ƙarfen dogarawarsa can jikin bango inda na jingina shi da hannuna. Teburin kuwa dogo ne, ko mai lafiya ba zai miƙa hannu ya kai ba.

Na ce, «Musyu, wa ya sha wannan?»

Bai dube ni ba. Ya ce, «Rina ba ta son a tsaya mata a kai.»

Na koma kicin na buɗe aljihun cokula. Ƙanana shida ne a gidan, duk shidan suna nan, busassu.

Washegari haka. Jibi ma haka. Ƙarfe huɗu da kwata sai cokali ya fara. Wata rana har na ji murya ƙasa-ƙasa da yarensu, ɗaya mai kauri, ɗaya siririya tana amsawa. Na riƙe dutsen guga wuri ɗaya har ya kusa ƙona riga. Na fara sa Suratul Baƙara a waya cikin aljihun rigar aikina. In na fito da yamma, matakalar gidan fitilarta na mutuwa da kanta kafin ka kai ƙasa, sai in sauka ina Ayatul Kursiyyu, ba na waiwaye.

Na gaya wa babansu Nafisa. Ya ce, «Hajara, aljanin da ya bar duk duniya ya zo Villeurbanne shan shokola, ai ɗan gayu ne. Ki leƙa mana.»

Na ce, «Malam, kai ka je ka leƙa.» Ya ce shi bai iya Italiyanci ba.

Abin ya ci gaba kwana takwas. Na ga ba zan iya ɗauke shi ni kaɗai ba, sai na rubuta a kaye, layi biyu: ana shan kofi na biyu, ban san mai sha ba, Musyu ya ce matarsa ce. Gaskiya na rubuta, kuma da na rufe littafin har sauƙi na ji. Ban yi tunanin inda layin nan biyu za su je ba.

Ƙarshen mako ya wuce, ranar Laraba shef ta kira ni ina cikin tram, jirgin nan na cikin gari. Ta ce Madam Silviya ta karanta, ta yi kuka a waya, za ta hau jirgin ƙasa ranar Juma'a ta zo da likita da yamma a gwada hankalinsa. An riga an yi maganar ɗaki a Paris. «Kin yi aikinki, Madam Hajara, na gode.» Na kashe waya. Mutumin da ke tuna mini ranar fitar da shara, wanda ya san sunan kowane maganinsa, shi za a ɗauke saboda rubutuna, alhali ni ko leƙawa ban yi ba.

Ranar Alhamis na haɗa kofi biyu, na ajiye, na ja ƙofa amma ban bari ta kama ba. Na cire takalmi na tsaya a bayanta ina bisimilla. Hazo ya rufe taga, falon ya yi toka-toka. Ya shanye nasa a natse. Sannan ya ture bargo, ya dafa teburi da hannu biyu, ya miƙe.

Mutumin da ya ƙi yi wa kine taku biyu. Yana bin gefen teburi yana jan ƙafa, numfashinsa na fita da ƙarfi. Na ƙirga, taku bakwai. A na biyar silifansa ya kama bakin kafet, ya yi tangal-tangal, na toshe bakina don kada in firgita shi ya faɗi. Ya kai kujerar taga ya zauna. Ya sa hannu a aljihun tsohuwar rigarsa ta sanyi, wadda bai taɓa yarda in wanke ba, ya fito da ɗan siririn cokali. Ya dama. Ƙil, ƙil, ƙil. Ya kurɓa sau biyu. Ya dubi kujerarsa da ba kowa ya yi magana da siririyar murya, sannan ya amsa da tasa.

Ban san sa'ad da na tura ƙofa ba. Muka dubi juna.

Ya ce, «To. Kin kama ni.»

Na ce, «Baba.» Ranar na fara ce masa haka. «Baba, ka san Madam Rina ta rasu?»

«Ni na rufe mata ido, Ajara. Ba hauka nake ba.» Ya juya cokalin a hannunsa. «Shekara hamsin da takwas tana dama nata, ina yi mata faɗa. Ƴar Torino, tana dama bicerin kamar miya! Kullum sai ta ce in ɗanɗana, kullum in ƙi. Yanzu ina ɗanɗanawa.» Ya mayar da cokalin aljihu. «Ba daɗi. Amma nata ne.»

Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce in ya ce yana tashi, zan rubuta, a ce zai faɗi, a ɗauke shi. Ya zaɓi in ɗauka fatalwa ce, don a zatonsa ba wanda zai rubuta fatalwa a kaye. Na sunkuyar da kai na gaya masa na riga na rubuta, kuma gobe ƴarsa na zuwa da likita. Bai yi faɗa ba. Ya dubi taga kawai.

Na kama shi muka koma kujerarsa. Ina gyara masa bargo na ce, don in ɗan sassauta, «Ka ba ni tsoro ranar Talatar nan ta farko.»

Ya riƙe hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau. Ya ce, «Ranar farko ba ni ba ne. Ina zaune nan na ji cokali, na ɗaga kai kofin ya damu. Washegari na jira, ba ta dawo ba, shi ne na tashi na je.»

Allah ne masanin abin da ya faru ranar Talatar nan. Ni dai na ji da kunnena, shi ma ya ce ya ji, kuma wannan ban rubuta shi ba, don ban gani ba.

Musyu Aldo ya ƙara hunturu biyu a gidansa, kuma ta ƙofar da ya nuna aka fitar da shi. Abin da nake so ku riƙe, ƙannena, kaye ba wurin sauke tsoro ba ne. Layi biyu kan iya raba mutum da gidan da ya yi shekara hamsin a ciki. Ku rubuta gaskiya, amma sai kun tsaya kun duba ta har ƙarshe, ko da kuna tsoro. Tsofaffin nan kuma, yawancin abin da suke ɓoyewa tsoronmu ne ya sa.

Da safe ranar Juma'a, ba lokacin aikina ba ne, na hau tram na farko da ya samu. Na naɗe kafet ɗin falo na tura shi ƙarƙashin gado. Na jera kujeru biyu masu nauyi a gefen teburi don ya sami abin dafawa. Na kira kine na ce ya zo ƙarfe huɗu, ya tsaya bayan ƙofa tare da Madam Silviya da likita, ya cire takalmi. Baba ya yi gunaguni, ya ce na mayar da shi ɗan wasa, amma ya yarda. Sannan na buɗe kaye, ƙarƙashin layina biyu na rubuta a hankali, harafi bayan harafi: na gani da idona, Musyu ne ke sha. Yana tafiya taku bakwai shi kaɗai, kullum. Ya san matarsa ta rasu, kewarta yake.

Na rufe littafin, na nemi ya ba ni ɗan cokalin in wanke. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo. Na wanke, na goge, na ajiye shi a kan teburi, gaban kujerar taga.