Wayar da na ƙara wa jiniya

Ni ba wanda ya koya mini aikin wuta. Rediyon gidanmu na fara kwancewa, na sha duka, na sake kwancewa. Daga nan sai fanka, sai fitilar babur, har na kai ga ja wa mutane waya cikin gidaje a Birnin Kebbi. In na ga abu da waya a jikinshi, hankalina ba ya kwanciya sai na san inda ta fito da inda ta nufa.

Akwai wani ɗan kudu mai shagon kayan wuta kusa da kasuwa, Oga muke ce mishi, Hausarshi ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya kira ni wata rana ya nuna mini kwalaye da anka kawo daga Sakkwato. Ya ce wani Alhaji ne a Argungu mai injin casar shinkafa, ma'aikatan kashe gobara sunka ce sai ya sa jiniyar gargaɗin gobara, kuma ba wanda ya yarda ya taɓa kayan.

Na ce, “Oga, ni zan iya.”

Ya ce, “Ka taɓa yi?”

Na ce ban taɓa ba. Ya yi dariya ya miƙo mini takardar da ke cikin kwalin. Kwana huɗu ina bin zanen da yatsa.

Abin ba wuya in ka gane shi. Babban akwati guda, batir na cikinshi don ko an ɗauke wuta ya yi aiki. Daga nan waya biyu ke fita, ja da baƙa, su bi jiniya, su bi fitila mai walƙiya, ja ga ja, baƙa ga baƙa, in ka juya su ba abin da zai yi motsi. Can ƙarshen layi kuma ka maƙala wani ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, da shi akwatin ke sanin ko ɓera ya ci waya a hanya. Ranar da na gane wannan har abinci na manta. Sai ƙananan akwatuna ja masu gilashi a bakin kowace ƙofa: ka ga wuta, ka fasa, komai ya ɗauka.

Gidan injin ɗakuna biyu ne a jere. Na waje nan ake tara shanshera, shinkafar da ba a casa ba, nan kuma ɓuntu ke zubowa ya yi tudu. Na ciki nan injin yake, kuma ba ya da wata ƙofa sai wadda ta ɓullo ta na waje. Taga guda gare shi, mai ƙarfe. Mai tuƙa injin wani tsoho ne mutumin Gulma, kowa Baba yake ce mishi. Shekarun da ya yi kusa da ƙarar nan sun cinye mishi kunne, sai ka tsaya gabanshi ya kalli bakinka. Da na gwada jiniya a ɗakin waje, awaki sunka watse har bakin hanya, amma Baba ko waiwaye bai yi ba. Nan na san duk wanga aiki saboda shi ne. Sauran ma'aikata suna da kunne, suna da ƙofa. Shi fitila kaɗai gare shi.

Na hau tsani na sauko ya fi sau goma ina neman wurin da za ta zauna. Sama da yawa, ƙura ta rufe ta. Gefe, buhuna su tare. Na sa Baba ya tsaya inda ya saba tsayawa, na bi idonshi, na kafa ta a bangon da ke fuskantar mazubin injin. Na kunna. Ɗakin duk ya riƙa yin ja yana ɗaukewa.

Baba ya ce, “Ɗana, wagga ko makaho ya gan ta.”

Na sa bakina saitin idonshi na ce, “Baba, in ta yi haka, ka fita.”

Ya ce ya ji.

Ina naɗe sauran waya Alhaji ya zo ya tsaya kaina. Ya ce tun da anka kafa injin nan ba wanda ke jin kiran salla, kullum sai an bi mutane ɗaya ɗaya, Baba kuma sai an shiga an dafa shi. Ya ce, “Tunda abin ga na da murya haka, mi zai hana ka sa mini makunni a ofis? Azahar da La'asar in danna sau guda, kowa ya san lokaci ya yi.”

Gaskiya daɗi na ji. Ba a cikin takarda yake ba, ni zan ƙirƙiro. Cikin rabin awa na ja waya daga ofis, na sa makunni irin na ƙararrawar gida. Alhaji ya danna, jiniya ta ɗauka, fitila ta ɗauka, ya saki, sunka yi shiru. Ya ce Allah ya yi mini albarka, aikin lada na yi. Cikin mota har Birnin Kebbi ina ba wa wanda ke kusa da ni labari, shi kuwa gyangyaɗi yake.

Oga kaɗai bai yaba ba. Ya ajiye abin da ke hannunshi ya ce, “Kai, wannan abu magana ɗaya gare shi. Ka koma ka cire.”

Na ce, “Oga, salla ce fa.”

Ya ce, “Na san salla ce. Ka sa musu wata ƙararrawa daban.”

Na ce to. Ban koma ba. Ina jin nauyin Alhaji, kuma ina son wayata. Duk lokacin da na tuna maganar sai in ce sati mai zuwa.

Wata huɗu ko biyar bayan nan, bayan an yanke shinkafa aiki ya yi yawa, na tafi Argungu duba ruwan batir. Rana ta take, inuwa ta fara karkata. Ina tsugune gaban akwatin na ji wari, ba warin ɓuntu da ake ƙonawa a bayan gida ba, wani mai kamar roba. Na leƙa ɗakin waje. Can ƙasan tudun ɓuntu, inda bel ɗin injin ke wucewa, hayaƙi ke fita, sai ga harshen wuta ya biyo bango.

Na fasa gilashi da gindin filaya. Komai ya yi aiki yadda na haɗa shi, jiniya na kuka, fitila na walƙiya. Na juyo ina jiran in ga mutane na gudu.

Masu shanyar shinkafa a tsakar fili sunka ajiye katakon da suke baza ta da shi a hankali. Wani ya ɗauki buta. Wani ya dubi rana ya ce wa ɗan'uwanshi, “Yau Alhaji ya yi gaggawa, ko yunwa yake ji.” Sunka yi dariya sunka nufi rijiya.

Na bi su ina ihun gobara ce. Sai da na kama rigar wani na juya fuskarshi ga hayaƙin sannan sunka watsar da butoci. Kafin a ɗebo ruwa wuta ta ci rabin ɗakin waje. Kuma injin na nan yana aiki, muna jin shi.

Abin da ban sani ba, ba a kashe injin casa da shanshera a cikinshi. Cushewa yake yi, sai an kwance shi, yini guda. Don haka kullum in Baba ya ga fitila, sai ya daina zubawa, ya jira abin da ke ciki ya ƙare, ya share, sannan ya fito alwala. Haka ya yi wata da watanni, sau biyu a rana.

Munka zagaya ta taga. Yana tsaye ya ba mu baya, hannunshi kan mazubi, jan haske na dukanshi, yana jira. Muna ihu, ba ya ji. Wani ya jefa dutse ta tsakanin ƙarfen ya same shi a kafaɗa, ya juyo cikin fushi, sai ya ga hayaƙi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ƙarfen tagar ya ƙi fita. Ya lulluɓa buhu a kai ya bi ta ɗakin waje. Ya fito, amma da hannuwa ya ture kwanon ƙofar, kwanon kuwa ya riga ya yi ja.

Na je asibiti rana ta uku, don kwana biyun farko na kasa. An naɗe mishi hannuwa har gwiwa. Na durƙusa gaban gado inda zai ga bakina, na ce, “Baba, laifina ne.”

Ya ce, “Mi ka yi? Fitila ta kama, na gan ta. Saura kwano biyu ne a ciki, na ce bari su wuce.”

Na ce na gaya mishi ya fita in ta yi haka.

Ya ce, “Ka faɗa sau ɗaya. Ita kuma kullum salla take ce mini.”

Ba da faɗa ya yi maganar ba, har yana tambaya ko injin ya tsira.

Da anka gyara rufin, na koma na yanke wayar ofis tun daga tushe. Alhaji na tsaye yana kallo. Na tara ma'aikata na yi musu bayani har muryata ta dushe, suna gyaɗa kai, amma ban san abin da ƙafarsu za ta yi ba in jiniya ta sake kuka da rana tsaka. An ɗauko wani ya riƙe injin. Baba ya koma Gulma. Yatsun hannunshi na dama ba su lanƙwasuwa, ko lauje ba ya iya riƙewa, ɗiyanshi ke mishi noma. Nakan je in gaishe shi, in na miƙa hannu sai ya miƙo mini na hagu ya ce in yi haƙuri.