Kujerar Mai Magani a Teburin Habibu

Shekara bakwai ke nan da muka binne Habibu a nan Guangzhou, nesa da Fagge inda aka haife shi. Ni da shi mun zo ƙasar nan a jirgi ɗaya, muna sarin wandunan jins a Xintang muna aikawa Kano. Amma ba don kasuwa nake tuna shi a wannan makon ba. Wani littafin wasa ne ya tayar mini da tsohon ciwo.

Habibu ne ya kawo mana wasan. A wurin wasu ɗalibai 'yan China ya koya. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya ya riƙa ba da labarin wata duniya ta dodanni da kogunan dutse, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: jarumi, ɓarawo, maharbi ko mai magani. In za ka yi wani abu, sai ka jefa ɗan ludo mai fuskoki da yawa, shi zai nuna ko ka dace. Duk Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a ɗakinsa na haya a Dengfeng. Kowa jarumi yake so. Mai magani kuwa aikinsa tsayawa a baya yana ɗinke raunin wasu, don haka ba mai ɗauka sai Habibu.

Kowane rukuni cikin huɗun nan yana da rassa, wato irin jarumin ko irin ɓarawon da kake son zama. In sabon reshe ya fito, mu ƙarfin sara muke dubawa. Shi tambayarsa ɗaya ce: "To, me zai yi wa na kusa da shi?" In amsar babu ce, sai ya ture takardar ya ce, "Meyo," kamar yadda masu shago ke cewa in ba su da kaya.

Da ƙodarsa ta kwantar da shi, bizarsa ta riga ta ƙare. Ni na kai shi asibiti. 'Yan teburinmu, har da Alhaji Tukur da ya fi kowa cin abincin ɗakin nan, ba wanda ya leƙo. Tsoro suke kada a tambaye su fasfo a bakin ƙofa, alhali takardunsu lafiya lau suke. Habibu ya tambaye ni su, na ce suna tashar jirgin ruwa ta Huangpu suna lodin kwantena. Sai ya ce, "Lawan, ka gaya musu kada su shiga kogon nan na cikin wasa sai na tashi. Macijin ciki yana da dafi." Bai ƙara Lahadi a duniya ba.

Makon jiya Alhaji Tukur ya kira ni gidan abincin wata 'yar Maraɗi, wai sabon littafi ya fito da sababbin rassa, za a farfaɗo da wasa. Na je, na karanta su a tsanake, da idon Habibu.

Akwai jarumin da ke warkar da kansa duk lokacin da ya sari abokin gaba. Ƙarfi kam yana da shi, har ya yi yawa, domin ba abin da zai sa ya waiwayi kowa. Akwai ɓarawon da ke shigewa cikin inuwa in faɗa ya yi zafi, ya ɓullo bayan an gama. Wannan ban buƙaci bayani ba, na san irinsa. Shi kansa mai maganin an ba shi reshen da maganinsa ba ya ci sai ya fara raunata wani. Guda ɗaya ne na san Habibu zai yi wa murmushi: mai garkuwar da ke karɓar sarar da aka kai wa maƙwabcinsa. Shi ne kuma aka wuce ba a ko gama karantawa ba.

Alhaji Tukur ya daki tebur yana dariya. "Malam Lawan, ka ga ci gaba? Yanzu ba ma buƙatar mai magani. Da can sai an yi ta lallaɓa wani ya ɗauka."

Wani, in ji shi. Ko sunan bai kama ba.

Na ce a ba ni mai magani, tsohon, wanda ba shi da wani ado. Aka shiga wasa. Kafin magariba dodo ya buge jarumin Alhaji ya faɗi sumamme, kuma wanda ya suma ba ya iya sara balle ya warkar da kansa. Ya juyo ya kalle ni. "Malam Lawan, taimaka mana."

Na daɗe riƙe da ɗan ludon a hannu. Dokar wasa ba ta tilasta mini ba, kuma Allah ya sani raina bai so ba.

Habibu bai bar gida ba, bai bar shago ba, mutanen da ya ciyar sun manta da shi tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe. Abin da na ga ya rage nasa shi ne hannuna da ya ƙi bin zuciyata a ranar nan. Na jefa, jarumin ya tashi, Alhaji ya ci gaba da sara bai ce na gode ba. Allah ya jiƙanka, Habibu. Ni dai ban yafe musu ba tukuna.