Shinkafar da Malam Sagiru Ya Tuge Kafin Taro

Shekara shida ke nan da muka kai yayana, Malam Sagiru, makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Duk shekara addu'a muke yi masa a gida, a raba waina, a watse. Bana ne kawai na ga dole in fito jarida, kuma ga dalili.

Makon jiya Malam Nazifi, wanda yanzu yake shugabantar ƙungiyar nazarin ƙasa da marigayi ya kafa, ya zo gidana da wata buƙata. An sake gayyatar ƙungiyar zuwa taron masana labarin ƙasa, suna so iyali su yarda a sa sunan marigayi da hotonsa a bangon maƙalar da za su gabatar, don girmamawa. Na ce a karanta min maƙalar tukuna. Ya karanta daga farko har ƙarshe. Na ce ya je, amsata zai gan ta a inda kowa zai gani. Ga ta nan tafe, amma sai an bi abin daki-daki, don wanda bai san mafarin zance ba bai kamata ya yanke hukunci a kan ƙarshensa ba.

Yaya Sagiru malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kura da Kano, da rani kuma muna noman gonar gado tare. Shi ya tattara malaman makarantu na Kura da Bunkure da Kadawa, har da wasu malaman Islamiyya masu noma, suka zama ƙungiya. Ranar Asabar sukan haɗu a aji, daga nan su fita su bi hanyoyin ruwa a ƙafa, suna duba ƙasa suna ɗiba. Mutanen gari suka sa musu suna masu ƙasa a leda. Yakan yi dariya ya ce ai gara ƙasa a leda da ƙasa a ido.

Wanda bai san noman rani irin namu ba sai in yi masa bayani. Kowace gona tana da hanyar ruwa biyu. Akwai wadda take kawo ruwa daga dam, wannan kowa yana gadinta, har faɗa ake yi a kanta. Akwai kuma lambatu, wanda yake kwashe ragowar ruwan ya fitar da shi, wannan ba mai kula da shi. Da yake cikin lambatu kullum da danshi, sai mutane suka fara toshe bakinsa da buhunan ƙasa suna dasa shinkafa a ciki. A hankali abin ya zama al'ada. Uba yakan nuna wa ɗansa lambatun bayan gona ya ce ga gayaunarka, ka noma ka sayi riga. Ba wanda yake kiran wannan ɓarna. Mahaifinmu ma haka ya yi mana.

Abin da ƙungiyar ta gano shi ne, ruwan da aka hana fita ba ya ɓacewa. Kwanciya yake yi a ƙarƙashin gonakin da ke gangare, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa, ciyawar kacala ta mamaye, tumatir ya ƙi, albasa ta ƙi. Mai gonar ya rasa abin da ya yi wa Allah, alhali maƙwabcinsa na sama ne ya toshe masa numfashi.

Da gayyatar farko ta zo, a farkon shekarun nan na dubu biyu, gari ya ɗauki murna. Ƙungiyar malaman karkara za ta tsaya gaban manyan jami'a! Kowa ya ɗauka Malam Sagiru zai je ya kai kukanmu, a turo katafila ta yashe hanyoyin ruwa, a ƙaro taki. A garinmu kuwa ba a tafiya da sunan jama'a sai an je zauren Sarkin Noma an yi sallama, dattawa sun ɗaga hannu sun sa albarka. Sarkin Noma a lokacin Baffa Ɗanladi ne, ƙanin mahaifinmu. Ina zauren, a bakin ƙofa nake zaune.

Baffa ya ce, "Sagiru, faɗa mana abin da za ka faɗa musu, kada mu ji a rediyo."

Yaya ya fara da sakacin hukuma: hanyoyin ruwa da ba a yashewa, ƙofofin da suka yi tsatsa. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Da ya iso maganar lambatu sai aka daina gyaɗawa.

"Wannan shafin ka cire shi," in ji Baffa.

"Baffa, shi ne rabin maganar."

"To ka kai musu rabin da ya rage. Mu muka aike ka roƙo, kai kuma za ka je ka tuɓe mana wando a kasuwa? In suka ji mu ne da laifi, wa zai turo mana katafila?"

"In katafila ta yashe yau, Baffa, gobe mu sake toshewa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Baffa ya dube shi ya ce, "Boko ya yi rana. To kai mai tsarki, shinkafar wa ce a lambatun bayan gonar yayana? Ta aljanu ce?"

Aka fashe da dariya. Gaskiya Baffa ya faɗa. Tamu ce, ta yi kyau a shekarar, har ta fara fid da kai. Baffa ya naɗe hannunsa cikin riga, sauran dattawa suka yi yadda ya yi. Aka tashi ba addu'a.

Washegari da hantsi Yaya ya zo min da fartanya biyu, ya miƙo min ɗaya. Ya ce rabin shinkafar tawa ce, ba zai taɓa ba sai na yarda. Na tambaye shi ko ba za a jira a girbe ba, tunda saura kaɗan. Ya ce taro ba zai jira girbi ba, shi kuma ba zai tsaya gaban mutane ya hango laifin wasu yana tsaye a kan nasa ba. Na karɓi fartanyar. Muka fara daga bakin lambatun, muka janye buhunan, muka tuge shinkafar kaf muka jibge ta a kan kunya. Masu wucewa suka tsaya suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, in haukan ya kai na cin abinci ka aiko min da tuwonka!" Yaya ya ce masa ya kawo kwano. Kafin azahar baƙin ruwan da ya shekara a kwance ya fara tafiya, da wari kamar na rijiyar da aka manta.

Labarin rashin addu'a ya raba ƙungiyar. Wasu suka ce iyayensu sun hana su, wasu ciwon kai ya kama su a rana ɗaya. Ban zarge su ba, tafiya ba albarkar manya ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu. Waɗanda suka rage ba su cika bas ɗina ba. Malam Nazifi yana cikinsu, a gidan gaba ya zauna, kuma shi ya ja mana addu'ar tafiya da bakinsa tunda babu dattijon da zai yi. Ina so ya tuna wannan.

Ba zan ƙara wa taron gishiri ba. An karɓe su da mutunci, an ba kowa katin rataya a wuya. Amma ƙaramin ɗaki aka ba su, bayan cin abincin rana, lokacin da ido yake nauyi. Wasu masu jawabi da na'urar haska hoto suka zo, Yaya kuwa taswirar da ya zana da hannunsa ya manna a allo, ya jera ledojin ƙasa a kan tebur, daga baƙa zuwa fara. Da Turanci ya yi magana, ban kama duka ba, amma na san lokacin da ya iso shafin lambatu, don na ga Malam Nazifi ya sunkuyar da kai. Da ya gama, wata farfesa mai furfura, Bahaushiya, ta tambaye shi da Hausa ko mutanen garinsa sun san abin da ya zo ya faɗa. Ya ce sun sani, Hajiya, su suka fara ji. Ta tambaya ko sun yarda. Ya ce ba su yarda ba. Ta rubuta wani abu, ta ce a ba ta kwafin maƙalar. Daga baya an buga ta a kundin taron. Shi ke nan abin da aka samu. Katafila ba ta zo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda jarida ba ta ji ba. An daina kiran Yaya ya wakilci ango a ɗaurin aure. In ya zauna a majalisa sai hira ta koma kan farashin kwandon tumatir. Baffa ya daina amsa gaisuwarsa sai da ɗaga hannu, kuma haka aka zauna har ciwon ajali ya kwantar da Yaya. Ranar jana'iza Baffa ya zo, ya tsaya a sahun gaba, ya zuba ƙasa da hannunsa. Daga nan ya juya ya tafi. Yaya bai taɓa zagin kowa a kan wannan ba, bai kuma taɓa cewa da na sani ba. Duk shekara kafin a saki ruwa yakan shiga lambatunmu ya yashe, ko da ciwo ya fara cin ƙarfinsa.

Da zai ɗago yau ya duba, me zai gani? Zai ga waya a aljihun kowane manomi, ana jin farashin Legas daga bakin gona, kuma zai ji daɗin wannan. Zai ga injin ban ruwa ya yi yawa, har daga cikin lambatun ake zuƙa. Zai ga tumatir yana ruɓewa a bakin titin Zariya kamar yadda ya bar shi. A layinmu zai ga maƙwabta sun buɗe nasu lambatun ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun ce shi suka bi ba, kuma gonar da ke ƙasa da tamu, wadda aka yi shekaru an sallama wa kacala, bana albasa aka cire a cikinta. A sauran layukan kuwa buhunan suna nan, farar ƙasa tana ƙara faɗi. Ba zai yi mamaki ba. Abin da zai ba shi mamaki shi ne maƙalar ƙungiyarsa.

Na saurare ta da kunnen basira. An yi maganar dam, an yi maganar ƙofofi, an yi maganar taki da rashin kasuwa. Duk gaskiya ne. Amma kalmar lambatu ba ta fito ko sau ɗaya ba. Da na tambaya, Malam Nazifi ya ce, "Yaya Habibu, zamani ya canja. Yanzu dattawa suna tare da mu, har sun yi alkawarin rako mu tasha. A bi a hankali." Na ce masa a hankali ruwa yake kashe gona.

Ban raina addu'ar dattawa ba, na san daɗinta, na kuma san ɗacin rashinta fiye da shi, don a gidanmu aka sha. Amma addu'ar da sai an yage shafi ake samunta, marigayi ya gan ta a gabansa, ya bar ta a zaure.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar sarauta ba, ko sunansa a bangon aji babu. Abin da ya bari tsari ne, kuma a jere yake: ka fara gyara naka, sannan ka faɗa wa mutanenka a gabansu, sannan ka je ka faɗa wa duniya. Wanda ya tsallake na farko da na biyu ba shi da hurumin ɗaukar hotonsa zuwa na uku.

Don haka ga amsata, da yawun matarsa da 'ya'yansa, don na zauna da su kafin in rubuta. Idan kun mai da shafin lambatu, kuka karanta shi a zaure kafin ku tafi, ku zo ku ɗauki hoton, ni zan cire shi daga bango in miƙa muku. Idan ba za ku iya ba, ba mu hana ku tafiya ba, Allah ya kiyaye hanya. Amma ku je da sunayenku. Kowannenku an yanka masa ragon suna. Na Malam Sagiru ba na aro ba ne.