Mai Ciyar da Ɓeraye

Yayana ya yi shekara goma sha tara yana ciyar da ɓeraye. A gida Sarkin Ɓera muke ce masa, ba ya fushi, ba ya kuma dariya. Aikinsa a wani ɗaki ne marar taga a ƙasan ginin masu bincike: akwatunan roba jere a kan kanta, kowanne da farin ɓera da lambarsa, sai sikeli da littafi. Shi ke aikin dare. Ya shiga ƙarfe takwas, ya fito da asuba, ya kwanta rana na dukan rufi. Babban abincinsa ƙarfe ukun dare yake ci, a tsaye, daga cikin kula.

Ɓera dabbar dare ce. Masu binciken suka raba su gida biyu: na dama a ba su abinci da dare, lokacin da suke ido biyu, na hagu sai da rana, lokacin barcinsu. Abinci iri ɗaya, awo ɗaya. Na hagu suka narka ƙiba, sukari ya hau musu. Yaya ne ke auna su duk mako, ya rubuta.

Ya taɓa tambayar shugabar ɗakin dalili.

"Jiki yana da agogonsa, Baba," in ji ta. "Hanta ta san lokacin aiki, ta san na hutu. In ka kai mata abinci tana barci, sai ta rasa inda za ta sa shi."

Ya ce to. Yana wankin safa ya ba ni labarin, ko ɗago kai bai yi ba.

Sai lambobin sikelin suka fara yi masa dishi-dishi. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya fara cin ido. In yana son ragowar ganinsa, ya ci abinci da rana, ya yi barci da dare, ga magani. Ya nemi a mayar da shi aikin rana. Wata bakwai aka yi kafin a sa hannu.

An mayar da shi, jikin ya ce bai san zancen ba. In kai masa abinci da azahar, ya juya cokali sau biyu ya rufe. Da safe kuwa in tarar da tukunya an kankare ta tas. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa.

"Yaya, so kake ka makance?"

"Cikina ne ba a aika wa takardar canjin aiki ba," ya ce.

Itacen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa, na sani, amma ban faɗa ba.

Ranar da masu binciken suka gano ya yi mako uku yana rubuta takwas a wurin uku, ba su yi masa tsawa ba. Shugabar da kanta ta kira ni a waya. Na same shi a bakin ƙofa da rana tsaka, kularsa a hammata, takardar sallama a hannu. Sai da na yi magana ya san ni ce.

"Karanta mini," ya ce.

Na karanta har ƙarshe, har da godiyar da suka yi masa. Na jira kuka ya zo mini, bai zo ba, ban ji komai ba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Sannan ya lalubo kafaɗata ya dafa, muka tsallaka titi.