Tagar da Na Zana

Kwanan baya wani maƙwabcina mai zanen gidaje ya nuna mini hoton wani falo a kwamfutarsa. Ba a gina falon ba tukuna, amma ga kujeru, ga labule, ga rana ta shigo ta kwanta a ƙasa. Ya ce, "Baba, an ce a da kai ne gwanin wannan aiki. Me ya rage ya zama kamar gaske?" Tun kallon farko na ga abin da ya rage: taga tana hagu, inuwar kujera ma ta faɗi hagu. Ban gaya masa ba. Na ce idona ya yi rauni.

Bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru, ina da shagon ɗaukar hoto a Gumel. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna ya iya fenti. Na sami babban ƙyalle na zana ɗaki a jikinsa, da agogon bango, da taga mai ƙarafa a buɗe. Mutum ya tsaya a gaba in ɗauka, in aika fim Kano a wanko. Duk mai hoto yana da irin wannan ƙyalle, kowa kuma ya san zane ne. Ni ne kawai ban yarda a gane nawa ba.

Na lura haske ne ke tona asiri. Sai na riƙa ɗauka da hantsi kaɗai, in kafa madubi a bakin ƙofa ya jefo rana daga ɓangaren da tagar take, har ta zauna a kan tabarma. In ajiye buta ta gaske da kujera ta gaske, inuwarsu ta bi hanya ɗaya da wadda na zana. Har dattin hannu na shafa a bangon, na ƙara 'yar tsaga a sama, don ɗakin da ake kwana a ciki ba ya zama fes. Ina alfahari da wannan ƙwarai.

Wata safiya taubashina, ɗan kawuna, ya zo daga Sule Tankarkar a kan babur. Dillalin awaki ne a kasuwar Maigatari.

"Bawana, tashi, ubangidanka zai yi aure."

"Wace marar gani ce ta yarda da wannan kai kamar tulu?"

"Ta Damagaram ce, ta fi ƙarfin irinka."

Da muka gama tsokana ya faɗi abin da ya kawo shi. Yarinyar tana da ciwon ƙirji tun tana ƙarama, numfashinta yakan toshe. Uwarta ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya: ɗaki mai taga, wanda iska da rana ke shiga, kamar yadda likitansu ya ce. A al'ada dangin amarya sukan zo ganin ɗaki kafin biki. Uwar tana fama da ƙafa, hanya kuma da nisa, sai ta ce a aika mata hoto ya isa. Ɗakin da yayansa ya ba shi kuwa tsohon ɗakin ajiyar gero ne, ƙofa kawai gare shi, ita ma tana kallon katanga. Shi ne yake so in ɗauke shi a gaban ƙyallena, a aika a ce ɗakin ke nan.

Na ce, "Wannan ai ƙarya ce."

Ya ce, "Wace ƙarya? Kafin biki zan fasa taga. Hoton ne kawai zai riga ta zuwa. Ko dai tsoro kake a gane zanenka?"

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni, ba zumunci ba. Na zaunar da shi a kujera, na jira rana ta kai inda nake so, na gyara madubi sau uku. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan kyau ba.

Ba a fasa tagar ba. Bango biyu a jingine suke da ɗakunan gidan, na uku kuma bayan gidan maƙwabci ne, shi ko ya ce ba za a buɗe ido a kan iyalinsa ba. Matan da suka zo jere sun iso bayan an ɗaura aure. Sun ga ɗakin, suka kalli juna, suka jera kwanoni a bango suka koma. Ba wadda ta iya zama mai kai wa uwa wannan labari. Amaryar ma ba ta faɗa ba, kunya ta hana ta kai ƙarar ɗakin mijinta.

Na je gidan sau ɗaya da damina. Rana tsaka ce, amma fitilar ƙwai na ci a ɗakin, bango ya jiƙe har gwiwa, warin kananzir da danshi ya cika wurin. Ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni, ina jin numfashinta yana kuka kamar an matse gora. Ina da babur, na san hanyar garinsu. Da na je na faɗa, da uwarta ta aiko an ɗauke ta. Na sha ruwan na tafi. Abin da ya zo mini a hanya, Allah ya yafe mini, shi ne har yanzu ba wanda ya gane zane ne.

Ta rasu kafin a yanke gero. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, ban kuma musa ba. Amma ni na san abin da hannuna ya yi.

Bayan sadakar bakwai, wata tsohuwa mai dogara sanda ta tsaya a ƙofar shagona. Ta kwance gefen mayafinta ta fito da hoton.

"Kai ne mai hoton nan?"

"Ni ne, Inna."

"Na shiga ɗakin. Na shafa bangon nan duka da hannuna. An ce tagar tana wurinka. Nuna mini."

Na matsa gefe. Ta tako a hankali har gaban ƙyallen, ta ɗora tafinta a kan tagar. Ƙyallen ya lotsa ya taɓa bangon da ke bayansa. Ta daɗe a haka.

"Kullum da hantsi sai in ɗauko hoton nan," in ji ta, "in ce yanzu rana ta shigar mata. Lokotoro, likitan nata, ya tambaye ni, na nuna masa, shi ma ya ce ɗakin ya yi." Ta juyo ta dube ni. "Ka iya aikinka, ɗana."

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ni na kwana a ɗakin ba."

Ta ajiye hoton a kan benci ta fita.

Ban rufe shagon ba, da shi nake ci da iyali. Na dai shafe tagar da fenti, na mayar da madubin gida. Masu zuwa suka riƙa cewa hotona ya lalace, wasu suka koma wani shago. Ni da taubashina mukan haɗu a wurin jana'iza ko suna, mu gaisa kamar baƙi, bai ƙara kirana bawansa ba har ya rasu.

Hoton yana cikin akwatina. Launinsa ya koɗe, fuskar taubashina ta kusa ɓacewa, amma ranar tana nan kwance a kan tabarma, daidai inda na sa ta.